Kuluwa Baƙuwa da Gidan Gagara-Rabo

Masu labari sun ce a ƙarƙashin ƙasar nan da muke takawa akwai wani titi mai farko amma marar ƙarshe, kuma kowane adadi da ɗan Adam ya taɓa ƙirgawa yana da gidansa a bakin titin. Ni ban je ba, ba na kuma marmarin zuwa. Amma na san labarin wadda ta je ta dawo da abin da ta je nema, wato Kuluwa, ungozomar Kwarin Maje.

Kuluwa ba haifaffiyar garin ba ce. Yunwa ce ta koro ta daga arewa tun tana da sauran ƙuruciya, ta sauka wurin tsohuwar ungozoma Inna Tambai, ta koyi sana'a a hannunta, ta gaji askarta. A garin ta yi furfura, a garin haƙoranta suka zube, amma ba a kiran ta da wani suna sai Baƙuwa. Don mutanen Kwarin Maje suna da wata al'ada da suke ji da ita: a wurinsu ɗan gari shi ne wanda aka binne cibiyarsa a ƙasar garin, magana ta ƙare. In ana shawara a ƙofar fada ta sa baki, sai mai gari Barmo ya ce, "Iya, ke fa baƙuwa ce, bar 'yan gari su yi magana."

Ita kuwa ba ta barin ko ta kwana. Sai ta ce, "Baƙuwar ce ta fara wanke ka, Barmo, kana tsala ihu kamar ɗan akuya. Rawanin nan daga baya ya zo."

Abin da duk garin suka mance shi ne alkawarin kakan kakanninsu, wani maharbi mai bukkoki uku. Shi ya roƙi sarakunan aljanu goma sha biyu su bar masa kwarin. Suka ce, "Zauna. Mu mun shuka. Ran da masu cibiya a ƙasar nan suka cika dubu bakwai da ɗari biyar da sittin, za mu zo girbi." Maharbi ya dubi bukkokinsa uku, ya yi dariya, ya ce ya yarda.

To, ran nan da hantsi Kuluwa ta karɓi haihuwa a gidan wani marini. Ta yanke cibi, ta zaga bayan ɗaki ta haƙa rami ta binne, ta danne ƙasar da diddige kamar yadda ta saba. Ɗaga ƙafarta ke da wuya kukan jinjirin ya ɗauke. Dakan da ake yi a maƙwabta ya tsaya, taɓare suka faɗi ƙasa. Ta leƙa ɗaki, ba mai jego ba jinjiri. Ta fito waje, ga tukwane a kan wuta, ga takalma a ƙofar masallaci, ga jaki da kaya a bayansa, ba mutum ko ɗaya. Daga tsohuwar rijiyar tsakiyar gari wata murya ta taso ta ce, "Girbi ya nuna, mun kwashe. Ke ba ki cikin lissafi, ki tafi inda aka binne taki."

Kun ga, har aljanu ma sun raina ta.

Da wata ce, da ta zauna ta rusa kuka. Kuluwa zuciya ce ta taso mata, irin wadda ke sa kunne ya yi zafi. A cikin waɗanda aka kwashe akwai Yalwa, marainiyar da uwarta ta rasu a hannun Kuluwa, ita ta goya ta, ita ta aurar da ita, ga shi cikinta ya tsufa, haihuwa yau ko gobe. Kuluwa ta riga ta yi mata alkawari cewa cibiyar ɗanta a ƙasar bayan ɗakinta za ta kwanta. Saboda haka ta je bayan ɗakin Yalwa, ta cika wata 'yar tukunya da ƙasar wurin, ta goya ta a baya, ta soke askar Inna Tambai a ƙugu. Ba wata dabara ta ƙulla ba. Ita dai ba ta taɓa barin aikinta rabi da rabi ba, ba kuma za ta fara don aljani ba. Ta yi bisimilla ta kama igiyar guga ta sauka.

Ƙasan rijiyar ba ruwa, sai wata hanya mai gangara da haske kore. Ta bi ta har ta iso bakin wani kogi mai gudu zuwa sama. Ga jirgin fito, ga mai fito, wani aljani mai fuska biyu, ɗaya tana kallon gaba ɗaya tana kallon baya.

Ya ce, "Ya ke bil'adama, wannan Kogin Shafa'i ne. Ba na haye da kowa sai bibbiyu. Wanda ya zo shi kaɗai wutiri ne, ya koma ya nemo abokin tafiya."

Kuluwa ta ce, "Abokan tafiyata ku kuka kwashe su, ka kuwa sani. Buɗe idanunka huɗun nan da kyau. Wannan da ke kwance a ƙasa wace ce?"

Aljani ya duba ya ce, "Inuwarki ce."

"Tare muka baro arewa, tare muka tsufa, ba ta taɓa ce mini baƙuwa ba. Mu biyu ne."

Fuska ɗaya ta yi dariya, ɗayar ta ɗaure. Ya ce, "Na yarda ku biyu ne. Amma ladan fito rabin abin da na ɗauko ne. In mun haye, ɗaya za ta wuce, ɗaya tawa ce."

Ta ce, "Tuƙa."

Da suka kai wancan gaci, ya naɗe inuwarta kamar tabarma ya jefa cikin jirgi. Kuluwa ta ji wani sanyi ya ratsa ta har ƙashi, abin ya yi mata ciwo ƙwarai. Ba ta waiwaya ba.

Tana hawa tudu sai ga titin. Gidaje ne a jere hagu da dama har inda ido ya gaza. Na dama gidajen shafa'i ne, adadin da ke rabuwa biyu daidai, mazaunansu duk bibbiyu suke tafiya, hannu cikin hannu. Na hagu gidajen wutiri ne, in suka jeru bibbiyu kullum sai ɗaya ya rage yana zare ido. Kowane gida ƙofofinsa gwargwadon hanyoyin da za a iya raba adadinsa daidai. Gidan ɗaya ƙofa ɗaya gare shi, mai gidan na zaune a bakinta ba ya kula kowa. Gidan shida ƙofa huɗu, gidan goma sha biyu ƙofa shida, iska na shiga tana fita yadda ta ga dama. Akwai kuma wasu masu kusurwa huɗu cif, tsawonsu daidai da faɗinsu, irin gidan tara da na goma sha shida da na ashirin da biyar. Mazaunansu har kawunansu masu kusurwa huɗu ne, ga girman kai, ta yi musu sallama suka amsa da hanci.

Amma jefi-jefi, kusan duk a hannun hagu, sai ta ga wani gida na baƙin dutse, ba taga ba ado, ƙofa biyu rak. Ɗaya makekiya, wadda gari guda zai wuce ta cikinta a lokaci ɗaya. Ɗayar siririya, ko mutum ɗaya sai ya karkace. A ƙofar irin wannan gida, na casa'in da bakwai, wata tsohuwar aljana mai gashi har ƙasa ta tare ta da sanda. Kewaye da ita duwatsu ne masu siffar mutane, kowane da kumatu a kumbure.

Aljana ta ce, "Ya ke mai tafiya ba inuwa, ba a wuce ni sai an yi mini aiki. Ga dabino casa'in da bakwai. Raba mini shi kashi-kashi daidai wa daida, ko kashi biyu ko goma ko nawa kika ga dama, kada kashi ya zama ƙwara ɗaya, kada kuma ko ɗaya ya rage."

Kuluwa ta sauke tukunya ta zauna. Ta raba biyu, ɗaya ya rage. Ta raba uku, ɗaya ya rage. Ta gwada biyar, biyu suka rage, ta gwada bakwai, shida suka rage. Ta yi ta yi har gumi ya keto mata. Sai ta lura aljanar ta juya baya tana tsifar kai, kamar mai cewa ga dama nan. Ƙwara ɗaya kawai za ta jefa a baki, saura casa'in da shida, ya rabu lafiya lau. Ta dubi dabinon, ta dubi duwatsun nan masu kumburarrun kumatu, ta tattara dabinon ta tura gaban aljana.

Ta ce, "Karɓi kayanki. Ba ya rabuwa. Ban iya ba, ke ma ba ki iya ba, uban da ya haife ki ma bai iya ba. In duka za ki yi da sandar nan ki yi, ina da sauri."

Aljana ta ƙyalƙyale da dariya har gidan ya girgiza. Ta ce, "Tun da aka kafa titin nan ba wanda ya faɗa mini haka. Waɗannan da kike gani kowa ɗaya ya ɓoye a baki ya ce ya gama. Ki sani, mu masu gidan dutse sunanmu Gagara-Rabo. Ko a ɗauke mu dunƙule, ko a tsince mu ɗai-ɗai, ba ta uku. Ina kika nufa?"

Kuluwa ta faɗa mata. Aljana ta girgiza kai ta ce, "Kaico. Sarakunan nan ba wawaye ba ne, sun zaɓi gida. Dubu bakwai da ɗari biyar da sittin ai ba shi da ƙashin baya. Biyu ta raba shi, uku ta raba shi, haka huɗu da biyar har zuwa goma, ga sha biyu, ga sha huɗu. Ƙofa sittin da huɗu gare shi. Kowa ya zo da wuƙarsa sai ya yanka daidai. Kafin rana ta yi tsaka za a raba mutanenki, kowane sarki ya kora kasonsa ƙasarsa, uwa gabas ɗa yamma, ba kuma za su sake haɗuwa ba."

Kuluwa ta ce, "Sai dai a raba ina tsaye a wurin."

Aljana ta yi fito, wata jimina mai ƙafa uku ta fito daga siririyar ƙofa. Ta ce, "Hau. Ki riƙe abu ɗaya: dokar rabo ta fi sarakunan ƙarfi, su ma tsoron ta suke."

Jimina ta zabura. Gidaje suka riƙa wucewa kamar ana shiƙar hatsi, ɗari, dubu, dubu uku. A wani wuri wasu aljanu masu wutsiyar kunama suka biyo su suna kai cafka ga tukunyar, Kuluwa ta zare askar Inna Tambai ta ce duk wanda ya matso za ta yi masa abin da take wa cibi, suka watse. Iska ta tsage mata mayafi, ƙaya ta yage mata ƙafa, tukunyar dai tana nan a bayanta.

Jimina ta tsaya a gaban wani ƙaton gida a hannun dama, duk jikinsa ƙofofi. A tsallaken titi, daidai saitinsa, gidajen baƙin dutse biyu ne manne da juna, katanga ɗaya ta raba su. Kuluwa ba ta tsaya kallon su ba, ta kutsa cikin mai ƙofofin.

Ga mutanen Kwarin Maje nan zube a tsakar gida, an tara su wuri ɗaya kamar tulin gero a masussuka. Ga sarakuna goma sha biyu a kan karagu, babbansu Sarki Barguma, mai ƙaho ɗaya da gemun wuta. A tsakiya kuma wani dogon aljani ne siriri mai yatsu ba iyaka, shi ne Ƙirgau, alƙalin rabo, wanda ba ya ƙarya ba ya kuma goyon bayan kowa.

Ƙirgau yana cewa, "Ƙidaya ta farko ta tabbata. Dubu bakwai da ɗari biyar da sittin. Sarakuna goma sha biyu, kowa ɗari shida da talatin, ba ragi ba ƙari."

Kuluwa ta ce, "Da ɗaya! Ga ni. Ku sake ƙirga."

Mai gari Barmo ya ɗago kai, rawaninsa a warware, ya ce, "Iya?" Muryarsa ta koma ta yaro.

Sarki Barguma ya ce, "Ya ke tsohuwa, wa ya ba ki izinin magana a majalisar sarakuna?"

"Wanda ya ba ka izinin kwashe mini 'ya'ya da tukwanensu a kan wuta."

Ƙirgau ya miƙo yatsa ɗaya ya taɓa goshinta ya ce, "Cibiyarki tana can arewa, gindin wata aduwa. Ba ki shiga wannan tuli."

Sarakuna suka bushe da dariya. Wallahi maganar ta soke ta, don ta daɗe tana jin ta a bakin mutane, yau ga ta a bakin aljani. Ta buɗe baki za ta mayar da martani, sai ta ji wani nishi daga cikin tulin mutane. Ko cikin dubu ba za ta ɓata nishin nan ba. Yalwa ce, ta durƙusa, mata sun kewaye ta sun rasa ta yi.

Kuluwa ta ratsa ta tsakanin dogaran aljanu kamar ba ta gan su ba. Barguma ya daka tsawa ya ce a kama ta. Ta juyo ta ce, "Mace na naƙuda, kai kana zaune ka baza gemu kana kallo? Kai ba haifar ka aka yi ba? Ku juya baya, dukanku!"

Abin mamaki, suka juya. Ko a ƙasar aljanu ba a ja da ungozoma a bakin aikinta.

Mata suka kare da zannuwa. Yalwa ta riƙe hannunta tana kuka tana cewa, "Iya, na san za ki zo. Iya, raba mu za su yi, an ce Jatau kudu za a kai shi." Jatau shi ne mijinta.

Kuluwa ta ce, "Rufe mini baki ki yi nishi, 'yar nan. Surutu ba ya fito da ɗa."

Ba a jima ba sai kuka ya tashi, 'ya mace, mai ƙarar murya. Kuluwa ta yanke cibi da askar Inna Tambai. Tana gamawa Barguma ya juyo yana lashe baki ya ce, "An haife ta a ƙasata. A binne cibiyar a nan, ta zama baiwar gidana. Ba ta cikin tulin rabo."

Kuluwa ta kwance goyonta ta dire tukunyar a gaban Ƙirgau. Ta tona ƙasar ciki da yatsunta, ta binne abin da ake binnewa, ta tashi ta danne da diddige. Ta ce, "Alƙali, kai da ba ka ƙarya, ɗanɗana ka faɗa musu ƙasar ina ce."

Ƙirgau ya lakato ya sa a harshe. Ya ce, "Ƙasar Kwarin Maje ce, ta bayan ɗakin uwar. Yarinya 'yar gari ce. Ta shiga tuli."

Bai rufe baki ba ƙasa ta juya da su. Ƙofofi sittin da huɗu suka ɓace, mutane da sarakuna da karagu suka tsinci kansu a tsallaken titi, cikin ɗaya daga cikin gidajen baƙin dutsen nan, ƙofa biyu rak. Kuluwa ta dubi makekiyar ƙofa, ta dubi siririyar, murna ta kama ta, amma ba ta bari fuskarta ta nuna ba.

Ƙirgau ya ce, "Ƙidaya ta biyu. Dubu bakwai da ɗari biyar da sittin da ɗaya." Yatsunsa suka shiga kaɗawa. "A raba sha biyu, ɗaya ya rage."

Barguma ya ce, "To sarakuna biyu su haƙura, a raba goma."

"Ɗaya ya rage."

"Tara! Takwas! Bakwai!"

"Ɗaya, ɗaya, ɗaya."

"Goma sha ɗaya fa?"

"Huɗu suka rage."

Aka aika aka kirawo ƙananan sarakuna na tuddai da na fadamu, duk mai rawani a duniyar aljanu, aka gwada da sha uku, da sha bakwai, da sha tara, aka yi ta hawa har aka haura tamanin. Ƙirgau ya sauke hannu ya ce, "Ku daina wahalar da ni. Abin da bai rabu zuwa nan ba, ba zai rabu a gaba ba. Wannan Gagara-Rabo ne."

Gemun Barguma ya yi tartsatsi. Ya ce, "A cire tsoho ɗaya a jefar, mu koma gidanmu na ɗazu."

Ƙirgau ya ce, "Wanda ya taɓa tuli kafin rabo ɓarawo ne, ko sarki ne rawaninsa ya faɗi. Abin da ya shigo bayan ƙidayar farko kaɗai kake da ikon ƙi. Ka kuma tuna ƙidaya uku ce, daga ta uku ba wata."

"To na ƙi jinjirar. A fitar da ita."

Nan ne hankalin Kuluwa ya tashi, don in jinjira ta fita ita kaɗai, an koma gidan jiya. Ta ɗauki yarinyar ta manna ta a ƙirjin Yalwa, yarinya ta cafki nono. Kuluwa ta tsaya a gabansu ta ware hannuwa ta ce, "Alƙali, ina tambaya. A garinmu ko akuya ba a raba ta da ɗanta ran da ta haihu. Ku a nan kun fi akuya ko ba ku kai ta ba?"

Ƙirgau ya ce, "Dokarmu da taku ɗaya ce a nan. Ba a cire baki daga nono. In jinjira ta fita, da uwarta za ta fita."

Kuluwa ba ta san abin da zai rage in an cire biyu ba, ko mai rabuwa ne ko marar rabuwa. Ita ba ta iya lissafin da ya wuce na yatsu da tsakuwa ba. Abin da ta sani shi ne ba za a ɓamɓare yarinyar nan daga uwarta tana numfashi ba. Barguma ma bai sani ba, don sarakai ba sa ƙirga da kansu. Ya dubi alƙali ko zai ga alama, fuskar Ƙirgau kamar bango.

Ya ce, "Su fita su biyun. Me biyu za su rage mini?"

Katanga ta buɗe, tulin mutane ya zame zuwa gidan da ke manne da wannan. Baƙin dutse, ƙofa biyu.

Ƙirgau ya ce, "Ƙidaya ta uku. Dubu bakwai da ɗari biyar da hamsin da tara. A raba sha biyu, ɗaya ya kasa. A raba goma, ɗaya ya kasa. Ɗazu ɗaya ke yi muku yawa, yanzu ɗaya ke yi muku kaɗan. Gidajen nan biyu tagwaye ne, kun fita hannun Hassan kun faɗa hannun Husaini. Ƙidaya ta ƙare. Siririyar ƙofa tana son masu rawani dubu bakwai da ɗoriya, kowa ya ɗauki mutum ɗaya, ku kuwa ko ɗari ba ku cika ba. Saura babbar ƙofa: ɗaya ya ɗauke duka."

Kafin ka ce kwabo sarakuna sun miƙe, kowa na cewa shi ne ɗayan. Takubba suka fito, wani ya kama ƙahon Barguma, wani ya taka gemun wani. Ƙirgau ya buga sanda ya ce, "Doka ta faɗi mai shi. Tulin da ya gagari rabo na hannun da ya fara taɓa shi ne."

Barguma ya ce, "Hannuna ne! Ni na fara damƙo su daga gidajensu!"

Kuluwa ta tako tsakiya, ƙafarta na jini, ba mayafi ba inuwa. Ta ɗaga hannuwanta biyu, busassu masu jijiya, ta ce, "Kai da hantsin yau ka taɓa su. Ku mutanen Kwarin Maje, duk wanda hannun nan ya tarbe shi ran da ya faɗo duniya, ya tashi tsaye."

Yara suka tashi, samari suka tashi, iyayensu suka tashi. Barmo ya tashi, hawaye na bin gemunsa. Saura tsofaffi a zaune. Barguma ya nuna su ya ce, "Waɗannan fa?"

Ta zare askar ta miƙa wa Ƙirgau. Ta ce, "Waɗannan Inna Tambai ce ta tarbe su, da ungozomar da ita ta gada. Ran da za ta cika ta danƙa mini wannan ta ce, 'Kuluwa, na bar miki su, manya da ƙanana.' Ko a nan ba a cin gado?"

Ƙirgau ya shinshina askar tun daga ƙota har baki. Ya ce, "Jinin cibin kowannensu yana jikinta. Tuli na tsohuwa ne. Alkawarin maharbi ya mutu, don girbi ɗaya aka yi masa."

Barguma ya yi wata ƙara da ta tsaga dutse, ya ce, "Ya ke baƙuwa, mutanen da ba su taɓa ƙirga ki ba kika sayar da inuwarki dominsu?"

Ta ce, "Wannan tsakanina da su ne, ba ruwanka. Matsa mini daga ƙofa."

Ya matsa. Ta karɓi jinjirar ta goya, ta sa Yalwa da Jatau a gaba, ta ɗauki tukunyar ƙasa a ka, gari guda suka fita ta ƙofa ɗaya a lokaci ɗaya. Ƙafarsu ta farko a kan titi, ta biyu a bakin rijiyar Kwarin Maje. Tukwane na nan a kan wuta, sai dai tuwon gidaje da yawa ya kama.

Da aka natsa, Barmo ya tara gari a ƙofar fada. Ya ce a tura mutane arewa gindin aduwar nan, a haƙo ƙasar da cibiyar Iya take, a kawo a binne a tsakiyar gari, daga yau ta zama 'yar gari. Jama'a suka ɗauka da guɗa.

Kuluwa ta bari guɗar ta lafa, sa'an nan ta ce, "Kada wanda ya taɓa mini cibiya. Da a ce tana ƙasar nan, da a cikin tuli kuka same ni ina kuka tare da ku. Ku bar ni a baƙuwata, Barmo. Amma in ana shawara na sa baki, ka yi shiru."

Ta juya ta nufi bayan ɗakin Yalwa da tukunyarta, don ta mayar da ƙasar inda ta ɗebo ta. Rana tana tsaka da zafi, kowa ya ga ba abin da ke bin ta a ƙasa. Barmo ne ya fara tashi, ya warware rawaninsa ya shimfiɗa shi sama da kanta, wasu suka kama gefe. Haka suka raka ta, tana tafe tana faɗa wai sun tare mata hanya.